Mota Ba Ta Ja: Tarihin Nawar Ƙaramar Mota a Titin Zariya



Maƙalarmu ta wannan mako za ta shiga gareji. Akwai ƙorafi ɗaya da kanikawan Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suke ji kusan kullum daga bakin masu ƙananan motoci masu giyar hannu: "Motar nan ba ta ja." Mutum ya taka totur har ƙasa, injin ya yi ta gurnani, amma motar tana tafiya kamar an ɗaure mata dutse. Ƙorafin ya haura shekara 50 a Kano, kalmominsa ba su sauya ba, amma musabbabinsa ya sauya sau da yawa. Kowane zamani ya zo da motarsa da mansa da irin cutarsa, kuma yawancin asarar da ake yi a yau ta samo asali ne daga shafa wa motar yau maganin motar jiya.

Zamanin Udoji

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, motoci suka biyo baya sannu a hankali, kuma tsawon shekaru mota ta kasance ta Turawan mulki da sarakuna da manyan attajirai. Ƙaramin ma'aikaci bai fara mafarkin mallakar mota ba sai bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo. A ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. A 1974 kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawarar ƙarin albashi, aka biya ma'aikata har da ariyas a 1975. Ga kuma bashin sayen mota da gwamnati ke ba ma'aikatanta.

A daidai wannan lokaci aka buɗe masana'antun haɗa motoci. Kamfanin Peugeot ya fara aiki a Kakuri da ke Kaduna a 1975, Volkswagen kuma ya buɗe nasa a Legas a shekarar. Daga baya aka kafa na manyan motocin Fiat a nan Kano, a kan titin Zariya, sai Steyr a Bauci, Leyland a Ibadan, da na Marsandi a Inugu. Kano tana da hannu ko a cikin Fijon Kaduna, domin a shekarun farko jiragen saman kamfanin UTA ne suke ɗauko sassan motar daga birnin Liyon na Faransa su sauke a filin jirgin Kano, sannan a kai su Kaduna.

Motoci biyu suka mamaye wancan zamani. Babban ma'aikaci yana hawa Fijo 504, mai injin lita 2 da ƙarfin doki sama da 90. Malamin makaranta da akawu suna hawa Bitil, wadda Yarbawa suka laƙaba wa Ijapa, wato kunkuru. Injinta yana baya, iska ke sanyaya shi, kuma ƙarfinsa bai wuce doki 50 ba. Bitil ba ta taɓa yin suna da gudu ba, masu ita ma ba su zaci haka daga gare ta ba.

Idan irin waɗannan motoci suka yi nawa, bakanike ya san inda zai taɓa. Zai kwance kafireta ya wanke, ya hura ƙananan ramukan da mai ke bi. Zai duba kwantak ɗin da ke cikin distirbuta, ya goge fulogi, ya juya tayimin yana sauraron injin da kunne har sautin ya daidaita. Sukuddireba da sifana da kunne mai kyau sun isa. Wannan ilimi na gaskiya ne, kuma ya dace da motar da aka yi shi dominta.

Zamanin 'yar Kwatano

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu da aka fi sani da SAP. Naira da a farkon shekarun 1980 ta fi dala daraja ta faɗi, har dala ɗaya ta kai kusan naira 4 a 1987, ta ci gaba da hawa. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, masana'antun haɗa motoci suka shiga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Sai kasuwa ta juya ga motocin da Turawa suka gama hawa, waɗanda Yarbawa ke kira tokumbo, mu kuma muke ce musu 'yan Kwatano ko Beljiyam.

Sunayen biyu taswira ce ta hanyar da motocin suke bi. Ana loda da yawansu a tashar jiragen ruwa ta Antwaf a ƙasar Beljiyam, a sauke a Kwatano ta Jamhuriyar Benin. Masu zuwa Arewa sukan bi ta Paraku da Malanbil, su tsallaka kogin Kwara zuwa Gaya ta Nijar, su wuce Doso da Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi, daga nan su shigo ta Jibiya da Katsina har Kano. Wannan hanya ta ci gaba da ciyar da dubban mutane har gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017.

Ta wannan hanya ƙananan motoci suka cika gari: Toyota Starlet, Nissan Sunny da Micra, Daihatsu Charade mai silinda uku, Opel Kadett, Golf 2 da Golf 3. Unguwannin da ke bunƙasa a wajen ganuwa ta ɓangaren kudu, irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Darmanawa da Unguwa Uku, sun cika da irin mutanen da waɗannan motoci suka dace da aljihunsu: malaman makaranta, ƙananan 'yan kasuwa, da ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988. Kasuwar Ƙofar Ruwa ta zama matattarar kayan gyaransu, sabo da na gwanjo.

Abin lura shi ne an ƙera waɗannan motoci ne domin wata ƙasa daban. Micra ta 1992 mai injin lita 1 tana da ƙarfin doki kusan 55, nauyinta kimanin kilo 800. Ko tana sabuwa fil, da direba shi kaɗai, sai ta yi kusan daƙiƙa 16 kafin ta kai gudun kilomita 100 a awa. An yi ta ne domin mutum ɗaya ko biyu su je aiki su dawo a gari mai sanyi da titi mai santsi. Ta iso Kano bayan ta yi shekara goma ko fiye tana aiki, aka mayar da ita tasi ko motar iyali.

Abin da Kano take karɓa daga injin

Injin fetur numfashi yake yi. Domin ya ƙone gram 1 na mai sosai, yana buƙatar iska kusan gram 14.7. Duk abin da ya rage iskar da ke shiga ya rage ƙarfi, ko da tankin a cike yake.

Kano tana bisa tudun da ya kai kusan mita 480 daga saman teku. Ƙa'idar da injiniyoyi suka saba amfani da ita ita ce injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta tudu. Ga kuma zafi. Iskar da ta kai digiri 40, kamar ta watan Afrilu, ta fi iskar digiri 20 rashin nauyi da kusan kashi 6 cikin 100. Ke nan tun kafin komai ya lalace, tudu da zafi sun riga sun yanki rabonsu. Shi ya sa mota takan fi kuzari da asuba a kan ƙarfe biyu na rana.

Sai ƙura. Hazon hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yana toshe matatar iska cikin lokacin da bai kai wanda masu ƙera motar suka rubuta a littafinta ba. Wasu sukan cire matatar gaba ɗaya su jefar, motar ta ɗan farfaɗo na 'yan makonni, alhali yashi yana shiga yana cin ringi da bangon silinda. Daga nan sai hayaƙi da shan baƙin mai, sai kuma a ji injin ya buga.

Sannan lodi. Fasinja shida masu kilo 70 kowanne sun kai kilo 420, wato fiye da rabin nauyin motar kanta, ba a ma sa buhun da ke but ba. Idan aka kunna na'urar sanyaya ɗaki, ita ma ta ɗebi dawaki kaɗan daga cikin 55 ɗin. Babbar mota ba za ta ji wannan ba. Ƙarama kuwa tana ji a jikinta.

Na ƙarshe shi ne man. A shekarun 1990, musamman zamanin Janar Sani Abaca, dogayen layukan gidan mai suka zama ruwan dare, duk da matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 da defon NNPC da ke Hotoro. 'Yan bumburutu suka cika bakin titi da galan-galan, wani man an sirka shi da kananzir, wani da ruwa da datti a gindinsa. Matsalar gurɓataccen mai ba ta tsaya a wancan zamani ba: a Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar da an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwaf, garin da motocin kansu suka fito. Irin wannan mai yana toshe matatar mai, ya raunana famfon da ke cikin tanki, ya hana injin samun abin da yake nema lokacin da aka taka totur.

Lokacin da kiɗa ya canja

A farkon shekarun 1990 ƙasashen Tarayyar Turai suka kafa dokar rage hayaƙin mota da ake kira Euro 1. Dokar ta tilasta sa wata matata a cikin salansa, wadda kanikawanmu ke kira katalis, wasu kuma indomi saboda kamannin cikinta. Ita kuma ba ta aiki sai da na'urar da ke auna mai daidai wa daida. Haka kafireta ta mutu a Turai, injekta da birenbokis suka maye gurbinta. Bayan shekara goma, waɗannan motoci suka fara sauka a Kano da yawa.

Nan aka samu saɓani. Bakaniken da ya ƙware a kafireta ya tarar da injin da ba shi da sukurun da za a juya. Wasu suka cire injekta suka dasa kafireta, musamman a Golf, saboda ita suka sani. Wasu suka riƙe al'adun da suka gada, aka ci gaba da yi wa sabuwar mota abin da aka saba yi wa tsohuwa.

Babban misali shi ne cire tamostat da haɗa fankar lagireto kai tsaye, bisa hujjar cewa ƙasarmu da zafi. A injin kafireta illar ba ta fitowa da wuri. A injin injekta kuwa, birenbokis yana karanta zafin ruwa. Idan ruwan bai kai kusan digiri 90 da aka tsara ba, sai ya ɗauka injin bai gama ɗumi ba, ya ci gaba da zuba mai fiye da kima. Sakamakon shi ne shan mai, baƙin fulogi, da mota mai nauyin jiki.

Misali na biyu shi ne katalis. Fetur mai dalma, wanda aka sha a nan har farkon shekarun 2000, yana kashe ta, haka ma injin da ke ƙona baƙin mai. Idan ta toshe, motar takan kasa numfasawa, kuma da gaske ba za ta ja ba. Daga nan aka ɗauki cewa kowace katalis maƙiyiyar gudu ce. Gaskiyar ita ce lafiyayya ba ta rage ƙarfin da direba zai ji. Abin da ya ƙara wa al'adar fasa ta kasuwa shi ne ƙarafa masu tsada da ke cikinta, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ake saye da kuɗi mai kauri. Mai mota yakan tafi yana murna an buɗe masa salansa, bai san ya bar abu mai daraja a gareji ba.

Motocin da aka ƙera domin Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga wajen 2001, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona kwamfuta ta faɗi abin da ke damun injin. Samarin kanikawa da suka koyi wannan aiki sun yawaita a Kano, kuma kuɗin dubawar bai kai na sayen kayan da ba su ne suka lalace ba.

Hannun direba

Akwai gadon da ba a gareji yake ba, a kujerar direba yake. Mutanen da suka koya mana tuƙi sun koya ne a Fijo da manyan motoci, injinan da ke da ƙarfi tun daga ƙasa. Karatunsu shi ne ka yi maza ka kai giya ta sama, ka bar injin ya huta, mai ya yi auki. Ƙaramin injin mai bawul 16 ba haka yake ba. Ƙarfin jansa yana fitowa ne idan allurar juyin injin ta kai wajen 3,000 zuwa 4,500 a minti. Wanda ya sa giya ta huɗu yana gudun kilomita 35, sannan ya taka totur zai hau gadar sama a Ɗangi, ya nemi abin da injin ba shi da shi a wannan juyin. Motar za ta yi ta kakkarwa, man da ake son tattalawa ya ƙone a banza. Sauka zuwa giya ta uku ko ta biyu kyauta ne, kuma sau da yawa shi ne duk maganin.

Cunkoson da ke tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku ya ƙara wata cutar. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, A Daidaita Sahu ya cika titi, tafiya ta koma taka ka tsaya. Direba yana ɗora ƙafa a kan kuloci rabi da rabi tsawon hanya, faifan kulocin yana cinyewa. Gane wannan ba wuya: a sa giya ta huɗu ana tafiya a hankali, a taka totur sosai. Idan ƙarar injin ta tashi amma gudun bai ƙaru ba, kulocin ne ke zamewa, injin lafiyarsa ƙalau. Mutane da yawa sun sauke injin a kan laifin faifan da bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ba.

Haka nan tayoyi. Saboda ramuka da ruwan damina, ana sa wa ƙaramar mota tayar da ta fi tata tsayi domin ta ɗaga. Doguwar taya tana yin tamkar an ƙara wa kowace giya tsawo, sai tashi ya yi nauyi. Tayar da ba ta da isasshiyar iska da birkin da ke kamewa su ma suna cin ƙarfi a ɓoye. Idan aka yi 'yar tafiya aka ji wili ɗaya ya fi sauran zafi, birkinsa yana riƙe.

Abin da tarihin ya koyar

Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mutane da yawa sun ajiye manyan motoci sun koma ƙanana, wasu kuma sun mayar da nasu masu amfani da iskar gas, wadda ita ma takan ɗan rage ƙarfin injin. Yanzu motar da ba ta ja tana cin kuɗin cefane kai tsaye, domin mafi yawan abin da ke sa nawa shi ne ke sa shan mai. Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Direban da ya fito zai wuce tirela a hanyar Wudil ko ta Katsina, da mota cike da iyali, yana dogaro ne da 'yan daƙiƙoƙin da injin zai ba shi. Idan ƙarfin bai zo ba a lokacin, babu wurin komawa.

Duk wanda ya bi wannan tarihi zai ga gyaran yana da tsari, daga mai araha zuwa mai tsada. A fara da sauke kayan da ba su da amfani a but, a duba iskar taya da girmanta, a tabbatar birki ba ya kamewa. A sauya matatar iska, musamman bayan hunturu, da matatar mai, da fulogi irin wanda aka rubuta wa motar. A mayar da tamostat idan an cire. A gwada kuloci. Idan motar injekta ce, a jona kwamfuta, a goge na'urar auna iska, a auna ƙarfin famfon mai. Idan an taɓa sauya bel ɗin tayimin, a duba ko an tsallake haƙori ɗaya. Sai bayan duk wannan a auna matsin silinda, a san ko injin ne ya gaji. Salansa mai ƙara da ruwan kwalba da ake zubawa a tanki da sauran kayan kwalliya ba za su mayar da doki 55 su zama 90 ba. Abin da ake iya samu shi ne dawo da dawakin da suka ɓace, kuma ga motar da ta saba tafiya da rabinsu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mu kuma da muke koyon rubutu, akwai rabonmu a nan. A yawancin labaranmu mota ba ta fitowa sai a matsayin shaidar arziki, a ambaci sunanta a wuce. Amma motar da mutum yake hawa tana faɗin shekarar da labarin ya faru da matsayin mai ita. Malamin firamare na 1977 yana iya sayen sabuwar Bitil da bashin gwamnati. Ɗansa na 1997 sai dai Starlet 'yar Kwatano, yana kwana a layin mai. Idan marubuci ya sa bakanike yana wanke kafiretar motar da aka ƙera a 2010, mai karatun da ya san mota zai daina yarda da sauran labarin. Kalmomin gareji kuma, totur da kuloci da lagireto da salansa, Hausa ce da bakin mutane ya sarrafa daga Turanci cikin shekaru masu yawa, kuma ba kasafai ake ganinsu a rubuce ba. Garejin yana bakin layinku. Dattawan da suka fara aiki a zamanin Fijo 404 suna raye, amma suna ƙarewa, kuma abin da suka sani ba ya cikin kowane littafi. Wanda ya ɗauki biro ya je ya zauna da ɗayansu na yini guda zai dawo da abin rubutawa na wata guda.